Nightmare, dannau ɗin Turawa

A makaranta an koya mana cewa nightmare mugun mafarki ne. Amma lokacin da kalmar ta fara bayyana a rubuce, wajen shekarar 1300, ba mafarki take nufi ba. Sunan wata halitta ce.

Night dai dare ne. Gaɓa ta biyu ce mai ruɗarwa, har ga masu harshen. Mare a Turancin yau goɗiya ce, sai wasu ke zaton wata dabbar dare ake nufi. Kama suka yi a baki kawai, tushensu ba ɗaya ba. Wannan mare ɗin, a tsohon imanin mutanen arewacin Turai, aljana ce da ke zuwa wa mai barci ta haye ƙirjinsa, ta danne shi, numfashi ya gagara, ihu ya gagara. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan: dannau ke nan. Faransawa na cewa cauchemar, kuma gaɓar farko daga wani tsohon aikatau take mai nufin tattakewa. Mutanen Norway kuwa mareritt suke cewa, wato aljanar ta yi sukuwa a kan mutum. Har a tarihin sarakuna da Snorri Sturluson na Iceland ya rubuta a ƙarni na 13 an kawo labarin wani sarki, Vanlandi, da aka ce ita ta tattake shi har lahira.

A 1781 mai zane Henry Fuseli ya zana mace kwance, dodo zaune a kanta, kan doki ya leƙo ta bayan labule. A ganina dokin nan ya taimaka wajen ƙara dagula lissafi.

Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma da nauyi a ƙirji ya fassara kalmar. Sai a ƙarni na 19 ta koma kowane mafarki mai firgitarwa, daga nan ta yi ta sanyi, har yau Bature kan kira cunkoson motoci da ita.

Shi kuwa ainihin abin, likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ce ke ɗaure gaɓoɓi a lokacin mafarki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya riga jiki farkawa, sai a ji an danne. Ƙarancin barci da kwanciya rigingine kan ƙara jawo shi, kuma yakan saki cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci.