Ɗan Katolika a Zongon Lome: Yadda Ake Tarewa a Sabon Gida Lokacin Kirsimeti

Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, saboda waɗanda kiwo ko tafiya ta hana su kunna rediyo.

Wata tambaya ce ta jawo zancen. Wani ɗan kasuwa daga wajen Dogon Dutsi, Kirista ɗan Katolika, zai kwashe iyalinsa zuwa Lome a watan Disamba. Hausa yake ji, abokan cinikinsa duk 'yan Zongo ne, don haka can yake son ya kama ɗaki. To amma gabansa na faɗuwa. Unguwar Musulmi ce, ga Kirsimeti a bakin ƙofa, ga mata da yara da ba su san kowa ba. Ta ina zai fara?

Amsar a taƙaice ita ce, ƙofa biyu zai ƙwanƙwasa, ta maƙwabta da ta coci, kuma kada ya bari sai ranar biki kafin ya ƙwanƙwasa su. Musulmin da ke karanta wannan shi ma zancen ya shafe shi, domin wataƙila gobe shi ne maigidan da baƙon zai sauka a wurinsa.

Zongon ma baƙo ne

Kalmar Zongo daga zango take, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Fatake Hausawa masu bin hanyar goro suna Lome tun zamanin Jamus, waɗanda suka mai da garin babban birnin Togo a 1897. Tsohon Zongo a tsakiyar gari yake. A 1977 hukuma ta tashe shi, mutane suka koma wajen kilomita 15 arewa da birni, a yankin Aguwe da Togblekope, bakin babbar hanyar da ta miƙe zuwa Sokode, Kara, Dapaong, har Sinkase a iyakar Burkina Faso. Ke nan dattawan unguwar sun san ɗacin kwashe kaya a fara daga farko.

Wannan hanya ce manyan motocin Nijar da Burkina da Mali ke bi daga tashar jiragen ruwa. Tun 2023 da aka rufe iyakar Nijar da Binin, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta nan. Gaba kaɗan kuma ga kasuwar shanu ta Adetikope. Shi ya sa baƙo ba abin kallo ba ne a Zongo. Akwai Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Kotokoli, Yarabawa, ga kuma Ewe masu ƙasa, waɗanda da yawansu Kiristoci ne.

Tsohuwar al'adar wurin ita ce ta maigida: mutumin da ke saukar da baƙo, ya tsaya masa a ciniki, ya shaide shi a gaban jama'a. Maigida yakan duba amana ne da halin mutum. Saboda haka shawara ta farko, kada ka shigo da kanka kamar wanda ya faɗo daga sama. Nemi wanda ya san ka a kasuwa ya kai ka gaisuwa wurin dattawan layi da sarkin al'ummarku. Kuma ka faɗi addininka tun ranar farko, da bakinka. Wanda ya ɓoye, ranar da aka ga matarsa ta fito da littafin addu'a za a ce ya yi rufa-rufa. Wanda ya faɗa tun farko, an gama da wannan zance.

Kafin ka ba da kuɗin ɗaki

Disamba wata ne mai ruɗi. Hazon hunturu ya sauko, ƙasa ta bushe, kowane lungu ya yi kyau. Amma Lome damina biyu gare ta, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba, kuma gefen da ke kusa da kogin Ziyo yakan sha ruwa. Dubi gindin bango. In ka ga zanen ruwa ko siminti ya ɓarɓashe, tambayi mai sayar da koko a bakin layi, ba dillalin gida ba. Matambayi ba ya ɓata.

Sai maganar kuɗi. A Janairun 2022 gwamnatin Togo ta fitar da doka a kan haya a Lome da kewaye: kuɗin ajiya kada ya wuce na wata 3, kuɗin gaba shi ma kada ya wuce na wata 3. Har yanzu za ka gamu da mai neman fiye da haka, musamman in ya ga kana gaggawar tarewa kafin biki. Sanin dokar yana ba ka bakin ciniki. Kada ka miƙa ko dala sai ka ga mai gidan ido da ido, an rubuta takarda, an sa hannu gaban shaidu. Ladan dillali ma a yanke shi tun kafin a fara yawon duba ɗakuna.

Yawancin gidajen haya tsakar gida ɗaya ce, ɗaki ɗai-ɗai ko ciki da falo. Tambayi yadda ake raba kuɗin wuta da na ruwa, wa ke sharar tsakar gida a wace rana, ƙarfe nawa ake kulle ƙofar waje. Wannan ta ƙarshe ka riƙe ta, za mu dawo kanta. Ka tuna kuma 25 ga Disamba da 1 ga Janairu ranakun hutu ne a Togo, ofisoshi a rufe, don haka duk wata takarda a gama ta da wuri.

Ƙofa ta biyu

Cocin Katolika ya daɗe a Togo. Limaman mishan na farko sun sauka Lome a 1892, babban cocin nan mai hasumiya biyu da ke jikin babbar kasuwa an gina shi a 1901 zuwa 1902, kuma Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya ziyarci ƙasar a Agustan 1985. Amma baƙo ba babban coci yake bukata ba tukuna. Cocin da ke kusa da ɗakinsa yake bukata, wanda masu Faransanci ke kira parwas.

Ga yadda tsarin yake, ga wanda bai sani ba. Kowane ɗan Katolika yana ƙarƙashin cocin yankin da yake zaune. In ya tashi daga Maraɗi ko Malumfashi ya koma Lome, sai ya je ofishin sabon coci ya gabatar da kansa. Abin da za a nema shi ne ɗan littafinsa na baftisma, inda aka rubuta inda aka yi masa baftisma da sauran matakan da ya taka, har aure. Wannan littafi kamar katin shaida yake. In babu shi, sa yaro a ajin koyon addini ko yi wa jariri baftisma sai ya ɗauki dogon lokaci, domin sai an aika can gida an bincika rajista. A sa shi cikin jakar takardu, kada a cusa shi a buhun tukwane.

Mas, wato babbar sujadar Katolika, a Lome galibi da harshen Ewe ake yin ta ko da Faransanci. Wanda Hausa kaɗai yake ji kada ya karaya. Tsarin Mas iri ɗaya ne a duk duniya, karatun ranar ma ɗaya ne, sai ya karanta nasa a Littafi Mai Tsarki na Hausa kafin ya fito. Ya tambayi katekis ko akwai 'yan arewa, domin mutanen Dapaong da Kara da Burkina suna da yawa a cocin wannan gefe, kuma a cikinsu ba a rasa mai jin Hausar kasuwa. Akwai kuma ƙananan ƙungiyoyin unguwa da ke taruwa gida-gida don addu'a. Su ne za su fara zuwa in yaro ya kwanta ciwo. Uwar gida ta fi kowa bukatarsu, don ita ce ke wuni a tsakar gidan da ba ta san kowa ba.

Kirsimeti ba kwana ɗaya ba ne

A wurin 'yan Katolika, Lahadi 4 kafin Kirsimeti lokacin jira ne da shiri, ana addu'a, ana zuwa furta zunubi wurin Fada. Daren 24 ga Disamba akwai Mas na dare, ranar 25 akwai na safe. Lahadin da ke biye ta Iyali Mai Tsarki ce, wato Yesu da Maryamu da Yusufu. Ranar 1 ga Janairu ta Maryamu ce, kuma ranar addu'ar zaman lafiya. Sai bikin tunawa da baƙin gabas da suka kawo kyautai, sannan a rufe da tunawa da baftismar Yesu kafin tsakiyar Janairu.

Amfanin sanin wannan shi ne, wanda ya tare a 20 ga wata ba sai ya kashe kansa ba. In labule bai hau ba ranar 25, biki bai wuce shi ba. Haka ma sa wa gida albarka. Al'adar Katolika ce Fada ya zo sabon gida ya yi addu'a, ya yi karatu, ya yayyafa ruwa mai tsarki. Ba sayen ta ake yi ba, abin da hannu ya iya na godiya ake bayarwa. To amma a makon Kirsimeti Fada ba ya da lokacin shan ruwa ma. Rubuta sunanka a ofis, a sa maka rana bayan sabuwar shekara. A sanar da mai gida, a yi a cikin ɗakinka, ban da tsakar gidan jama'a.

Yanzu mu koma kan ƙofar waje. Mas na dare yakan kai mutane tsakar dare ko bayan haka. Ka gaya wa mai riƙe makulli tun da rana. Ka shirya da ɗan zemijan, wato ɗan kabu-kabu, wanda maƙwabta suka sani, ko ku tafi tare da 'yan ƙungiyar unguwa. Buga ƙofa ƙarfe ɗaya na dare a kan mutanen da za su tashi sallar asuba ba shi ne mafarin zumunci ba.

Nama da maƙwabtaka

Makiyaya sun sani, ƙarshen shekara kasuwa ce. Awaki, tumaki, kaji da zabi duk suna tashi a Gbosime da sauran kasuwannin dabbobi. Baƙon da ya zuba kuɗi a haya kada ya ci bashi don akuya. Zabi biyu da shinkafa sun isa a ce an yi biki.

Abin da ya fi girman dabbar muhimmanci shi ne wanda ya yanka ta. Kiristocin da suka daɗe cikin Musulmi sun san dabarar: a kira maƙwabci Musulmi ko mahauci ya yanka, a gaban mutane, don kowa ya ci hankali kwance. A dafa a tukunya mai tsabta, yara su kai kwano ɗaki-ɗaki. In wani ya ƙi karɓa, kada a riƙe shi a zuci, kowa da fahimtarsa. Mafi yawa za su karɓa, kuma ranar Layya kwanon zai dawo da nauyinsa.

Abu biyu ke ɓata zama da sauri a gidan haya na Zongo: naman alade da giya, ko sodabi ce ko burkutu. Addinin Katolika bai hana su ba, bai kuma wajabta su ba. Barin su a tsakar gida ɗaya ba ya rage wa mutum komai a imaninsa. Kiɗa ma haka, in an kira salla a rage murya. Su kuma maƙwabta Musulmi, nasu shi ne su bar baƙo ya yi addu'arsa a ɗakinsa, su tsawata wa yara in sun fara tsokanar 'ya'yansa, su ce masa barka da biki kamar yadda zai ce musu barka da Salla. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Labarin da ya san zango

Akwai abin da ya sa wannan lokaci ya dace da baƙo. Labarin da Kiristoci ke karantawa a daren Kirsimeti, a sura ta 2 ta Bisharar Luka, labarin matafiya ne. Yusufu da Maryamu sun taso daga Nazarat zuwa Baitalami saboda ƙidayar da hukuma ta sa, suka tarar masauki ya cika, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Waɗanda suka fara samun labari kuwa makiyaya ne da ke kwana a daji suna gadin garke. Duk wanda ya taɓa isa gari da dare ya rasa wurin shimfiɗa tabarma ya san wannan hali, ko wane addini yake bi.

Don haka ɗan komin nan da 'yan Katolika ke haɗawa a gida, da 'yan gumakan tumaki da makiyaya, ba ya bukatar kuɗi. Kwali da ciyawa sun isa, a kusurwar ɗaki, ko da sauran kaya suna ɗaure. Yara in sun ga an kafa shi, sun san an iso gida.

Ga mai tambayarmu, ga jerin aikinka: mai tsaya maka, takardar haya, gaisuwar dattawa, ofishin coci da littafin baftisma, sannan kwanon maƙwabta. Ga masu gidaje a Zongo kuma, ku tuna iyayenku ma an taɓa ɗora musu kaya a ka a 1977.

Wanda ya taɓa irin wannan tarewa, a Lome ko Aflawo ko Sinkase, ya aiko mana da yadda ya ƙare, mu karanta wa jama'a. Allah ya kai kowa zangonsa lafiya, ya tsare garke da dukiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.