Cika Murabba'i: Tsohuwar Dabarar Kwance Ƙullin Aljabara

Sau da yawa ɗalibi kan haddace ƙa'idar aljabara kamar karatun aku, amma da zarar ya zauna jarrabawar WAEC sai ta kwance masa. Maganin wannan kuwa shi ne a nuna masa tushen abin tun yana ɗan koyo.

Dabarar cika murabba'i ba baƙuwa ba ce. Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya bayyana ta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, cikin littafin nan da aka samo kalmar aljabara daga sunansa. Da zane ya kafa hujjarsa.

Ga misali: garka ce tsawonta ya ɗara faɗinta da mita 6, girman filinta kuma murabba'in mita 55. In aka kira faɗin x, sai a sami x² + 6x = 55. Malami zai zana murabba'i mai gefen x, ya raba 6 gida biyu, ya liƙa tsiri mai faɗin 3 a dama, wani a ƙasa. Nan take yaro zai ga giɓi a kusurwa, 3 sau 3, wato 9. Da an ƙara 9 a kowane ɓangare, sai lissafin ya koma (x + 3)² = 64. Ashe x + 3 ko dai 8 ne ko −8, wato x 5 ne ko −11. Da yake faɗi ba ya gaza sifiri, garkar mita 5 ce a faɗi, 11 a tsawo.

Wuri biyu ɗan koyo kan yi tuntuɓe: ƙara 9 a ɓangare guda kaɗai, da mantawa da amsa ta biyu. Wanda ya cike giɓin nan da hannunsa, da wuya ƙa'idar ta sake guje masa, domin daga wannan dabara aka ciro ta.