Gidan Hutu a Konwal: Inda Baƙo Yake Dafa Abincinsa

Idan ka duba taswirar Ingila, can kudu maso yamma za ka ga ƙasa ta miƙa ƙafa cikin teku. Wannan yanki shi ne Konwal. A dā mutanen wurin masunta ne, da manoma, da masu haƙar kuza irin ta Jos. Amma kifi ya ragu, ramin kuza na ƙarshe kuma, wato South Crofty, an rufe shi a 1998. Yau babban abin da yake kawo musu kuɗi shi ne baƙi masu zuwa hutu.

Manoma da yawa sun ga haka, sai suka gyara tsofaffin ɗakunan dutse inda a dā ake ɗaure shanu ko a tara ciyawa. Suka sa tagogi da wutar lantarki, suka jawo ruwan famfo, suka shirya gadaje. Wani gidan yakan ɗauki mutum goma sha biyu, wani ma har ashirin.

Wannan ba otal ba ne. Babu kuku, babu mai kawo shayi da safe. Mai gida zai ba ka mabuɗi, ya bar maka tukwane, da faranti, da firiji, da zannuwan gado, shi ke nan. Cefane naka ne, girki naka ne, wanke-wanke ma haka. Yawanci mako guda ake kamawa, daga Jumma'a ko Asabar. Baƙi sukan shiga da la'asar, ranar tashi kuwa su fita da hantsi, domin masu shara su kimtsa wurin kafin wasu su iso.

To, me zai sa mutum ya biya kuɗi ya je ya yi wa kansa girki? A nan ne maganar take. Bature ba ya zama a gidan gandu. Yaro da ya girma sai ya tafi garin da aiki ya kai shi, gidajensu kuma ƙanana ne, ba inda za a sauke dangi. Kaka tana iya yin wata shida ba ta ga jikanta ba. Saboda haka 'yan'uwa sukan haɗa kuɗi su kama babban gida ɗaya, lokacin hutun makaranta na Yuli da Agusta. Abin da suke nema shi ne dogon teburin nan na kicin, wanda kowa zai samu wurin zama a kansa. Yau wannan ɗa da matarsa ne da girki, gobe wancan. Kaka tana ɓare wake, jikoki suna yi mata surutu. A ganina, da otal suka sauka, kowa da ɗakinsa da mabuɗinsa, da ba su sami rabin wannan ba. Ba a rasa 'yar gardama a kan wa ya bar tukunya ba wanki, amma ai zo mu zauna, zo mu saɓa.

Da rana sai a gangara bakin teku. Akwai hanyar ƙafa mai mil 630 da ta bi gaɓar, ta kewaye Konwal duka. Iyaye sai sun lura, gama ruwan teku yakan cika ya janye sau biyu a rana, rairayin da yara suke wasa a kai da safe yana iya nutsewa kafin azahar. Ana gargaɗin kowa ya yi wanka tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, inda masu ceto suke tsaro.

Sai dai abin yana da nasa ciwo. Mai gida ya gane cewa kuɗin da baƙi za su biya shi a mako ɗaya na Agusta ya kan fi hayar wata guda daga hannun ɗan gari. Masu kuɗi daga Landan kuma suna sayen gidaje su mai da su na hutu. Har waɗansu tsofaffin majami'un Metodis, a ƙasar da Jon Wesli ya sha yin wa'azi, an sayar an sa musu gadaje. Farashi ya hau, albashi a Konwal kuwa bai kai na manyan birane ba. Saurayi ya yi aure, ya rasa gida a ƙauyen da aka haife shi. Matar da take gyara gadajen baƙi ran Asabar, wataƙila ita kanta daga nesa take zuwa. Da sanyi ya shigo, sai ka bi layi guda ka ga tagogi duk duhu, makaranta ba yara.

Mutanen garin Sent Aibs ba su yi shiru ba. A watan Mayu na 2016 suka jefa ƙuri'a, fiye da kashi 80 cikin ɗari suka yarda cewa duk sabon gidan da za a gina a garin, sai wanda zai zauna a ciki ne zai same shi. Waɗansu ƙauyuka sun bi sawunsu. Daga Afrilu 2025 kuma hukumar Konwal ta ninka harajin gida ga mai gida na biyu wanda ba a cikinsa yake zaune ba. Ɗakin shanun da manomi ya gyara a gonarsa bai cika jawo ƙorafi ba, tun da dā ma ba mutum a ciki. Rigimar tana kan gidajen cikin gari, waɗanda aka fitar da ɗan haya aka sa baƙo.