DAGA SHAHUCI ZUWA BAKIN KOGIN NILU

 

Wanda duk ya ratsa Shahuci a yau, ko ɗan kasuwa ne mai gaggawar shiga Kurmi, ko ma'aikaci mai neman inda zai ajiye motarsa, da wuya ya tuna cewa a wannan gefe na birnin Kano aka soma canja yadda ake horon alƙalai a ƙasar nan. A shekarar 1928, watau shekara biyu da hawan Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Shahuci. Fiƙihun ba baƙo ba ne, na Malikiyya ne wanda malaman soro suka daɗe suna biya wa almajiransu cikin Risala da Muhtasar. Abin da ya zo sabo shi ne aji da rajista da jarrabawa, kuma mun ji daga bakin dattawanmu cewa ba kowane malami ne ya yi murna da ganin an ɗora Muhtasar a kan tebur ba. Marigayi Malam Nasiru Kabara, wanda asalin gidansu daga Kabara ne ta kusa da Tumbutu, ya shugabanci makarantar daga baya. A elementare ta Shahuci kuwa aka sa Malam Aminu Kano a 1930.

Shahuci ce ta share fage. A 1934 sai aka kafa babbar Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a nan Kano, aka ɗauko mata malamai uku daga Sudan, cikinsu har da Shaihu Bashir al-Rayyah. Ita ce ta koma Makarantar Koyon Larabci a 1947. Me ya sa Sudan, ba Masar ko Fas ba? Turawan Ingila na mulki can da nan, kuma sun fi natsuwa da malamin da aka horar a ƙarƙashin idonsu, wannan gaskiya ne. Amma ba su suka buɗe hanyar ba, a buɗe suka tarar da ita.

Hanyar alhazai ce. Mutum ya tashi daga Kano ya nufi Barno, ya ƙetare zuwa Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, ya bi ta Abeshe da Adare ya shiga Darfur ta Janaina, sa'an nan Fashir, sa'an nan Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Daga nan sai Hartum, sai bakin Bahar Maliya, a jira jirgin ruwa na Jidda. A takarda layi biyu ne, amma a ƙasa shekaru ne. Guzuri kan ƙare a hanya, sai alhaji ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko ga-ruwa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, 'yan ƙasarmu masu yawan gaske suka zama 'yan ƙodago a cikinsu, kowa da niyyar shekara ɗaya ce zai yi ya wuce. Waɗansu sun wuce, sun sauke farali, sun komo gida da furfura. Waɗansu kuwa can aka binne su, jikokinsu ne ake kira Fallata ko Takari. A unguwarmu akwai gidan da aka yi shekaru ba a raba gado ba, ana jiran wani da ya tafi gabas tun zamanin En'e, ba wasiƙa ba labarin mutuwa. Irin wannan shari'a ta wanda ya ɓace, ita ma tana cikin abin da ɗalibin Shahuci yake karantawa a babinta, domin zai tarar da ita a gabansa.

Ilmi ya bi hanyar nan ta fuska biyu. Malaman Sudan sun zo mana, mu kuma muka aika musu ɗalibai. Marigayi Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya yi karatu a Makarantar Shari'a ta Kano, yana cikin waɗanda aka tura Bakhtar Ruda, kwalejin horon malamai ta bakin Farin Nilu, a 1954.

Shekarun baya, tun ana zaman lafiya, Allah ya nufe mu da zuwa Sudan, muka roƙi masu masaukinmu su kai mu Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya yi shahada a Burmi a 1903, shi ne ya ja ragowar masu hijira har can. Mun yi sallama da Larabci, aka amsa mana da Fillanci da Hausa. Hausar tasu tsohuwa ce, irin wadda muka daina ji tun rasuwar kakanninmu, an yayyafa mata Larabci. Wani dattijo da ya ji daga Kano muke, bai tambaye mu gwamna ko farashin kaya ba. Ƙofofin gari ya shiga jero mana, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, yana tambaya ko suna nan. Bai taɓa ganinsu ba, a bakin mahaifinsa ya hardace su. Muka ce suna nan, ba mu iya gaya masa yadda aka cinye ganuwar da ke tsakaninsu ba.

Masu karatu sun san abin da ya biyo baya. A watan Yuli na 2022 aka yi rikici a jihar Shuɗin Nilu wanda ya ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, aka kwaso ɗalibanmu ta Masar da Port Sudan. Janaina, wadda ita ce zangon farko na alhazanmu a ƙasar Sudan, ta ga kisan da baki ba ya iya faɗa a wannan shekara, Fashir kuma ta sha ƙawanya har ta faɗi a watan Oktoba na 2025. Mutanen garuruwan nan su ne iyayensu suka shayar da iyayenmu ruwa, suka ba su zaure suka kwana. A ganinmu ba daidai ba ne mu saurari labarinsu a rediyo kamar na wata ƙasa da ba mu da alaƙa da ita. Attajiranmu da ke zuwa Umra kowace shekara suna da ikon tunawa da 'yan gudun hijirar da suka taru a Adare.

Akwai kuma roƙo ƙarami. Gidaje da yawa a cikin birni suna da tsohuwar adaka wadda ke ɗauke da fasfon alhaji na hanyar ƙasa, ko wasiƙar ajami daga Madani, ko takardar shaidar gama Shahuci. Kada a bar wa gara. A kai wa masu adana tarihi a Gidan Makama ko Jami'ar Bayero su ɗauki hotonsu, dattijon da ya san labarin takardar kuma a zauna da shi a rubuta tun yana iya faɗa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kawo wa Sudan sauƙi, amin.