Bayani a Kan Zaren Ɗinkin Ƙari

Ku sani wani lokaci haihuwa takan zo da gardama, har ungozoma ko likita ya ɗan yanka ƙofar haihuwa domin ɗa ya sami hanya. Shi ne mata ke kira ƙari. Kada a haɗa shi da yankan gishiri da ake yi a gida, wanda ya jawo wa mata da yawa yoyon fitsari. Bayan ƙari sai ɗinki, kuma irin zaren da aka sa yana da hannu a cikin warkewa.

Zare na farko shi ne na hanjin tumaki ko shanu. Tsoho ne ƙwarai, domin Abul Ƙasim Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya ambaci ɗinki da hanji a littafinsa Tasrif. Aibinsa shi ne jiki yakan ɗauke shi baƙo, ya yaƙe shi kafin ya cinye shi, sai wurin ya kumbura, ya yi zogi.

Na biyu ƙirar masana'anta ne: Dexon ya fito a 1970, Vicryl a 1974. Wannan ruwan jiki ne ke narkar da shi sannu a hankali, saboda haka kumburinsa kaɗan ne. A 2010 masana suka tattara gwaji 18 a kan mata fiye da 10,000, suka ga waɗanda aka ɗinke da shi sun fi samun sauƙin zafi a kwana 3 na farko, kuma ɗinkinsu bai cika warwarewa ba. Amma fa yakan yi kwana 56 zuwa 70 kafin ya ɓace, har wasu su koma a cire musu.

Na uku shi ne Vicryl Rapide, mai saurin narkewa. Yakan riƙe nama har wajen mako 2, ya ɓace wajen kwana 42, ba safai ake bukatar cire shi ba. Bayan wata 3 kuwa, ba a ga wani bambancin ciwo tsakanin zaren hanji da na masana'anta ba.

Hannun mai ɗinki ma abin dubawa ne. Ɗinki ɗaya a jere ya fi mai ƙulli-ƙulli sauƙin zafi. Kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi wa kowace mace ƙari, sai da lalura.

To, maigida, in an rubuta maka zare ka sayo, kada araha ta ruɗe ka. Sayi wanda aka rubuta, ka duba ranar lalacewarsa. Mai jego ta tsabtace wurin da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kada a cusa wani magani. In an ga mugunya, ko wari, ko zazzaɓi, a koma asibiti ran nan.

Allah ya raba lafiya. Haza wasalam.