YADDA WAKILAN MAJALISAR AMURKA SUKA TAIMAKI SULHUN AILAN TA AREWA

Ran 10 ga watan Afrilu, 1998, aka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Belfast wadda ta kashe wutar fitinar da ta yi shekara 30 tana ci a Ailan ta Arewa, har ta halaka mutum fiye da 3,500. Wanda ya shugabanci zaman sulhun nan baƙo ne, mutumin Amurka, sunansa George Mitchell, tsohon jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattawan ƙasarsu. Lalle mai karatu zai so ya san abin da ya kai ɗan majalisar wata ƙasa cikin rigimar da ke hayin teku. To, kafin Mitchell ya hau kujerar nan, wakilan Majalisar Amurka sun yi shekara 20 da 'yan kai suna share fage. Ga yadda abin ya gudana, da abin da ya yiwu a hannunsu, da wanda ya gagare su.

ASALIN FITINAR

Ailan tsibiri ne yamma da Ingila, mai gunduma 32. A 1921 aka raba shi biyu. Gunduma 26 suka kama hanyar mulkin kai, su ne yau Jamhuriyar Ailan. Sauran shida na arewa maso gabas suka zauna ƙarƙashin Sarautar Ingila, da tasu majalisa a Stormont. Mafi yawan mutanen shidan nan a sa'an nan 'yan Furotesta ne masu son zama tare da Ingila. Kamar sulusinsu kuwa 'yan Katolika ne, galibinsu masu son a haɗe tsibirin. Jam'iyya guda ta riƙe mulki shekara 50 ba canji.

Kukan 'yan Katolika a kan abu uku ne: aiki, da gida, da ƙuri'a. A zaɓen hukumar gari sai mai gida da matarsa ke jefa ƙuri'a, saboda haka wanda aka hana wa gidan hukuma an hana shi ƙuri'a ke nan. A birnin Derry 'yan Katolika suka fi yawa, amma yadda aka shata mazaɓu ya sa kullum su ne a ƙasa. A 1968 mutane suka fara jerin gwano na neman haƙƙinsu, aka tarye su da kulake. A 1969 Ingila ta kawo soja. Ƙungiyar yaƙin sunƙuru da ake kira I.R.A. ta ɗauki makami, 'yan bindigar ɗaya ɓangaren su ma suka ɗauka. Ran 30 ga Janairu, 1972, soja suka harbe masu jerin gwano 13 a Derry. Sai a 2010 bincike ya tabbatar ba su da laifin da za a harbe su, Firayim Minista David Cameron ya nemi gafara.

ABIN DA YA JAWO AMURKA

Yunwar da ta faɗa wa Ailan daga 1845 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ta kori wasu kamar haka, yawancinsu zuwa Amurka. Yau Amurkawa fiye da miliyan 30 ke cewa asalinsu Ailan ne, kuma suna da ƙuri'a. Da fitina ta tashi, wasunsu suka shiga tara kuɗi, gwamnatocin Ingila da Ailan suka yi ta kukan cewa kuɗin nan na komawa bindiga. Ita ko gwamnatin Amurka ta kame bakinta, ta ce maganar cikin gidan Ingila ce.

Wanda ya juya al'amarin wani malamin makaranta ne na Derry, John Hume, wanda ya shiga siyasa yana ƙin zub da jini. Ya yi ta zuwa Washington yana gaya wa manyan majalisa cewa duk dalar da ta sayi harsashi tana ƙara nisan sulhu. Ran 17 ga Maris, 1977, ranar bikin waliyyin Ailan, mutum huɗu suka fid da sanarwa tare: Tip O'Neill, Shugaban Majalisar Wakilai, da Edward Kennedy da Daniel Moynihan na Majalisar Dattawa, da Hugh Carey, Gwamnan New York. Suka roƙi Amurkawa su daina taimakon kowace ƙungiya mai makami. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, gama dukansu jinin Ailan ne, kuma cikin masu zaɓensu akwai waɗanda maganar ta ɓata wa rai. Jaridu suka sa musu suna Mahaya Huɗu. A watan Agusta na shekarar nan suka shawo kan Shugaba Carter ya yi alkawarin taimakon samar da aikin yi in an shirya. A 1981 aka kafa ƙungiyar Abokan Ailan cikin Majalisa, da wakilan jam'iyyu biyu.

MAKAMI DA KUƊI

Ɗan majalisa ba shi da soja, ba shi kuma da jakada. Amma lalitar ƙasa a hannun majalisa take, nan ne ƙarfinsa. A 1979, bayan rahotannin wulakanta tsararru wajen tambaya, wakilai suka matsa har gwamnatin Amurka ta dakatar da sayar wa 'yan sandan Ailan ta Arewa bindigogi. O'Neill kuma ya riƙa tunatar da Shugaba Reagan ya yi wa Firayim Minista Margaret Thatcher magana. A watan Nuwamba, 1985, Ingila da Jamhuriyar Ailan suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba Dublin damar faɗin ra'ayinta kan sha'anin Arewa. A 1986 Majalisar Amurka ta yarda da dala miliyan 120 na shekara uku ga wani asusun ƙasashe da aka kafa don raya wuraren da fitina ta fi ɓarna, a ɓangarorin biyu duka.

LITTAFIN RAJISTA

Ga kuma wani aiki da akawu zai fi kowa gane ƙarfinsa. A wancan zamani magidanci ɗan Katolika ya fi ɗan Furotesta haɗarin rashin aiki ninki biyu da wani abu. A 1984 aka fito da ƙa'idodi tara na adalci wajen ɗaukar ma'aikata, aka sa musu sunan Seán MacBride, wani dattijon Ailan mai lambar Nobel. Majalisun jihohi irin su Massachusetts da New York suka mai da su doka: kuɗin fanshon ma'aikatansu ba zai zauna lafiya a kamfanin Amurka mai reshe a Ailan ta Arewa ba sai an duba yadda yake ɗaukar mutane. Gwamnatin Ingila ta yi jayayya ƙwarai. Hume kansa bai so abin ba, yana tsoron kada kamfanoni su kwashe kayansu kowa ya rasa. Duk da haka matsin ya taimaka, a 1989 Ingila ta yi sabuwar doka wadda ta tilasta wa masu ɗaukar aiki su yi rajista, su kuma kai ƙidayar ma'aikatansu kowace shekara, nawa ne daga wannan ɓangare, nawa daga wancan. Da aka rubuta abin a takarda, musu ya ragu.

BUƊE ƘOFA DA SAURARON ƘARA

A watan Janairu, 1994, aka nema wa Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin mai ɗasawa da I.R.A., izinin shiga Amurka. Ingila ta ƙi, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ƙi, har cikin Majalisa akwai masu ƙi. Kennedy da Moynihan, waɗanda suka shekara 17 suna sukar I.R.A., su ne suka ce a ba shi, domin Hume ya tabbatar musu mutumin na neman hanyar ajiye makami. Shugaba Clinton ya ba shi izinin awa 48. Ran 31 ga Agusta I.R.A. ta tsai da wuta, a watan Oktoba 'yan bindigar ɗaya ɓangaren suka bi. Wutar ta sake tashi a 1996, ta kwanta a 1997.

Mitchell, bayan ya bar Majalisa, ya kawo sharuɗɗa shida a Janairun 1996, jigonsu shi ne duk mai son zama a teburin shawara ya yi alkawarin bin hanyar lumana kaɗai. Ya yi kusan shekara biyu yana sauraron mutanen da wasunsu ba sa ko gaisawa. Daga bisani ya yanka musu wa'adi, aka gama. Ran 22 ga Mayu, 1998, aka tambayi jama'a: kashi 71 cikin 100 a Arewa suka yarda, kashi 94 a Jamhuriya. Aka tsara mulkin haɗin gwiwa, aka kuma amince Arewa ba za ta bar Ingila ba sai mafi yawan mutanenta sun so.

Majalisar Wakilai kuwa tana da kwamitocin da ke kiran shaidu. A watan Satumba, 1998, wata lauya mai suna Rosemary Nelson ta tsaya gaban kwamitin Chris Smith ta ce 'yan sanda na aiko mata da barazana ta bakin waɗanda take karewa. Ran 15 ga Maris, 1999, wasu 'yan bindiga masu goyon bayan zama da Ingila suka dasa bom a motarta a Lurgan, ta mutu. Majalisa ta ji ƙararta, amma ba ta iya tsare ranta ba. Abin da ta iya shi ne ta sa sharaɗi kan horon da Amurka ke ba 'yan sandan nan, ta kuma ci gaba da neman bincike. Binciken 2011 ya ce hukuma ta kasa ba ta kariyar da ta kamata. A 2001 aka sake fasalin 'yan sandan. Da 'yan Katolika ba su kai ɗaya cikin goma ba, cikin shekara goma suka kusa uku cikin goma.

INDA ƘARFIN BAƘO YA TSAYA

Kada a ɗauka komi ya daidaita. Wata huɗu bayan yarjejeniya bom ya kashe mutum 29 a Omagh. Majalisar Stormont ta sha rufewa, har daga 2017 zuwa 2020, da kuma daga 2022 zuwa 2024. Har yanzu akwai katangu tsakanin wasu unguwannin Belfast. Masu son zama da Ingila kuma sun daɗe suna zargin wakilan Amurka da karkata, zargin kuwa ba a rasa masa dalili ba, gama yawancin masu sa baki jinin ɓangare guda ne. Duk da haka wakilan ba su saki igiyar ba. A 2019, da fitar Ingila daga Tarayyar Turai ta tayar da tsoron mai da shingen iyaka, Nancy Pelosi, Shugabar Majalisar Wakilai a lokacin, ta je har bakin iyakar, ta kuma ce Majalisa ba za ta yarda da yarjejeniyar ciniki da Ingila ba in aka taɓa sulhun 1998.

Abin lura a nan shi ne taimakon baƙin ya yi amfani ne a inda suka bi maganar mutanen gida masu neman lumana, suka hana kuɗinsu zama harsashi, suka kuma nace shekara da shekaru ko da an manta da maganar a jaridu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa da aka zo ba da lambar Nobel ta zaman lafiya a 1998, 'yan gida biyu aka ba: John Hume, da David Trimble, jagoran masu son zama da Ingila, wanda ya sa hannu alhali da yawa cikin jam'iyyarsa na ganin ya sayar da su.