Motar Wasa Ma Tana Son Kirari: Yadda Ake Yi Mata Rubutu Irin Na Gingimari

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Duwala zuwa Kusiri, ko ta Kwatano zuwa Gaya, ya san babbar mota ba ta tafiya shiru. Kafin ka ga fuskar direba ka riga ka karanta zuciyarsa a goshin motar ko a bayanta: "Haƙuri Maganin Zaman Duniya", "Hassada Ga Mai Rabo Taki", "Sannu Ba Ta Hana Zuwa". Wani sunan garinsu zai sa, wani laƙabin ubangidansa, wani kuma habaici ne ga maƙiyan da shi kaɗai ya san su.

Yaran da suka tashi a gefen irin waɗannan hanyoyi sun daɗe suna kwaikwayon abin. A da, da karan dawa ake ƙera motar, a yi mata taya da sakaina. Daga baya aka koma gwangwanin madara da waya da tsohon silifa. Yanzu kuma ga na kanti, na roba da na ƙarfe, har da waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya harhaɗa da kansa, irin na kamfanin Italeri na Italiya da Revell na Jamus. Sai dai duk kyan ƙirar, motar da ba rubutu kamar amarya ce ba lalle. Abin da ya sa yau muka waiwayi wannan ɗan aikin hannu ke nan, domin akwai riba a cikinsa ga gidajenmu na zango wadda ta wuce wasa.

Me ya kawo maganar a shafin iyali?

Ɗan da aka haifa a Nima ta Akra, ko Birketeri ta Yawunde, ko Zangon Lome, yana jin Hausa ras, yana kuma yin ta a gida da kasuwa. To amma ce masa ya rubuta "ƙofa" ko "ɗaki" ka sha mamaki. A makaranta Turanci ko Faransanci yake rubutawa, babu wanda ya taɓa nuna masa ɓ da ɗ da ƙ. Ka zaunar da shi ka ce za a yi darasi, nan da nan zai fara hamma. Amma ka ce masa zo mu yi wa motarka rubutu irin na motar Baba, wallahi shi zai riƙa jan rigarka. A nan zai gane cewa "kafa" daban "ƙafa" daban, kuma saɓanin ɗan lanƙwasa guda yana sauya magana gaba ɗaya.

Ga manya kuma akwai ɗan abin sakawa a aljihu. Masu motocin haya da dillalan albasa da goro suna son ganin motarsu a ƙarame, da launinta da lambarta da kirarinta, a ajiye a kan tebur ko a ba aboki kyauta. Saurayin da ya iya wannan aiki da tsabta ba zai rasa mai nema ba a tasha.

Awo kafin komai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubutu ya fi ƙarfin mota. A jikin kwalin motocin kanti za ka ga an sa 1:24 ko 1:50. Ma'anarsa, an rage motar gaske sau 24 ko sau 50. Tirela mai tsawon mita 12 takan dawo santimita 50 a awon 1:24, a awon 1:50 kuwa santimita 24. Haka rubutun ma zai bi. Harafin da tsayinsa ya kai santimita 24 a jikin motar gaske, santimita 1 kacal zai zama a 1:24.

In motar ta gida ce, ta gwangwani ko katako, kai za ka fitar da awonka. A ce motar gaske mita 8 ce, wato santimita 800, taka kuma santimita 40. Raba 800 da 40, ka sami 20. Shi ke nan, duk abin da ka auna a jikin babbar sai ka raba shi da 20. Ka ga yaro ya yi lissafi bai ma san ya yi ba.

Dabara mai sauƙi ita ce a ɗauki hoton motar gaske daga gefe, a tsaye daidai ba a karkace ba, sannan a fara buga rubutun a farar takarda, a yanka, a ɗora a gani. Sai ya zauna daidai kafin a taɓa takarda mai tsada.

Haruffan da ke ɓacewa

A shagon kwamfuta ne ake yawan samun matsala. Ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa ba. Kana rubuta "Haƙuri" a waya lafiya lau, ana kai shi kwamfutar shago sai ƙ ta koma ɗan akwati, ko mai shagon ya mayar da ita k don shi bai ga bambanci ba. Salon Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su, kuma kyauta ake sauke su a intanet. In an gama tsarawa a ajiye shi a matsayin PDF, don kada komai ya sauya a hanya. A kuma tuna cewa a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya kuma 'y. Kowa ya bi na gidansu.

Hanyoyi uku, kowa da ƙarfinsa

Ta farko ita ce buroshi da fenti, yadda masu zanen tasha suke yi. A ja layi biyu da fensir da rula, a zana haruffan a tsakani, sannan a bi da siririn buroshi. Wannan ta fi dacewa da motar katako ko gwangwani mai ɗan girma, kuma 'yar karkatar da hannu ke yi ita ce ma ke ba ta kamannin gaske.

Ta biyu ta mai ƙaramin ƙarfi ce, ba ta buƙatar komai sai hoton kwafi da faffaɗan salatif mai haske, irin na ɗaure kwali. A buga rubutun da injin kwafi ko firinta mai garin tawada, a manna salatif a kai, a murza sosai da bayan cokali. A jiƙa a ruwa na 'yan mintoci, sannan a riƙa murje takardar da yatsa a hankali. Takarda za ta fita, baƙin rubutu ya tsaya a jikin salatif. In ya bushe sai a manna. Da firinta mai ruwan tawada fa abin ba ya yiwuwa, wankewa zai yi.

Ta uku ita ce ta gwanaye: takardar sitika ta ruwa, wadda ake oda ta intanet ko a ba mai zuwa sari saƙo. Iri biyu ce, mai haske da mai farin baya. Dalili kuwa, firinta ta yau da kullum ba ta buga fari, farin takarda take dogara da shi. Don haka in jikin motar fari ne ko ruwan ɗorawa, mai haske ta wadatar. In shuɗi ne mai duhu ko kore, sai mai farin baya, in ba haka ba rubutun zai nutse. A kuma duba kwalin, don ta firinta mai ruwan tawada daban, ta mai garin tawada daban.

Bayan an buga da ruwan tawada, a bar shi ya bushe, a fesa masa fenti marar launi sama-sama sau biyu ko uku, ana jira tsakani. Wanda ya tsallake wannan zai ga rubutunsa ya narke a kwano. Daga nan a yanka dab da harafi, a tsoma a ruwan ɗumi kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, har fatar ta fara zamewa daga takardar. A zame ta kai tsaye zuwa jikin motar, a daidaita da jiƙaƙƙen buroshi, a danne da auduga daga tsakiya zuwa gefe don ruwa da iska su fita. Wurin ya kasance mai santsi da sheƙi, domin a kan fenti mai kaushi iska kan maƙale a ƙasa, sai gefen sitikar ya yi fari-fari. Washegari a sake feshi a rufe.

Yanayin gari ma yana da ta cewa. A Duwala ko Kwatano laima kan sa fenti ya daɗe bai bushe ba, a ƙara haƙuri. A Njamena ko Garwa lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a kifa kwali a kan aikin.

Lamba da sauran ƙananan abubuwa

Mai ido a tasha lamba yake fara dubawa. An saba ganin motocin haya na Najeriya da jan rubutu a kan fari, na Gana kuwa baƙi a kan ruwan ɗorawa, da AS a farko in ta yankin Kumasi ce. Sai sunan hanya a ƙofa, da 'yar tuta, da zanen da ke jikin robar bayan taya. Waɗannan su ke sa direba ya ɗaga motar ya ce tasa ce.

Iyaye a kula da abu biyu. Reza da fentin feshi ba na yara ba ne: babba ya yi yankan, feshi kuma a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta. Na biyu, motar da za a ja a ƙasa, ta shiga kwata ta fito, kada a sa mata aya ko sunan Allah, ko da a jikin ta gasken akwai. Karin magana ya ishe ta, kuma ba ya ƙarewa.

Wajen zaɓen karin maganar, a tura yaron wurin kakarsa, ko a kira ta a waya in tana gida. Ta ba shi uku ya zaɓi ɗaya, da sharaɗin sai ya faɗi ma'anarsa kafin a buga, kuma shi zai rubuta da hannunsa a kai wa mai kwamfuta.